Kwaskwarimar Corolla: ba mayun mota ne za su yanke wa injin nan hukunci ba

A tsakiyar 2022 ne kamfanin Toyota ya nuna Corolla samfurin 2023 da zai sayar a Amurka. Ba sabuwa ba ce fil. Ita ce dai wadda suka sani tun samfurin 2020, zubi na goma sha biyu tun da aka fara ƙera Corolla a 1966, sai dai an yi mata kwaskwarima: an ɗan taɓa fitilu, an gyara hanci da bamba, an liƙa wa kowane aji allon dashbod mai inci 8. In ka jera ta da ta 2022, sai mai ido ne zai ce ga wannan ga waccan. Ainihin aikin a ƙarƙashin bonet aka yi shi. An sallami tsohon injin nan mai lita 1.8 da ƙarfin doki 139 daga duk Corollar da ke tafiya da fetur zalla, aka maye gurbinsa da mai lita 2.0 da doki 169, wanda a da sai ka ƙara kuɗi ka sayi ajin SE ko XSE kake samunsa. A lokaci guda kuma aka cire giyar hannu, ba a bar ko aji ɗaya na salun ɗin da ita ba.

Mayun mota ba su yi wani tsallen murna ba. Ina nufin mutanen nan da za su ji ƙarar inji daga bayan katanga su gaya maka silinda nawa gare shi, waɗanda in an taɓa zancen mota sai shayinsu ya huce a kofi. Ba gori nake musu ba, don ni ma da ɗan maitar a jikina. Wasunsu sun yaba da ƙarin doki 30, amma yabon ɗan kaɗan ne, ƙorafin ya fi yawa. Sun ce an zo 2023 amma babu turbo. Sun ce an ɗaure inji mai kyau da giyar CVT, otomatik mai bel, wadda ke sa mota kuka kamar injin markaɗe in ka taka totur. Sun ce an kashe giyar hannu, wato an kashe ɗan abin da ya rage na daɗin tuƙi. Kuma wai motar har yanzu ta malamin makaranta ce, ba ta da wani abin da zai sa ka waiwayo ka sake kallonta bayan ka kulle ta.

Ra'ayina shi ne Toyota ta yi daidai a kan injin nan, kuma yawancin masu sukar suna auna motar da mudun da ba nata ba. Akwai inda suke da gaskiya, zan zo wurin. Amma abin da ya fi damuna game da wannan inji ba ya cikin jerin ƙorafinsu ko kaɗan.

Mu fara da maganar ƙarfi, tunda ita ce ta fi sauƙin warwarewa. Duk mayen Corolla na gaske yana da mota ɗaya da yake ambata da girmamawa: XRS ta 2005. Bodinta irin na ajin LE ɗin nan da ta cika titunanmu ne, amma an dasa mata injin 2ZZ-GE da aka yi da hannun Yamaha, mai giyar hannu shida, wanda sai ya haura zagaye 7,000 a minti yake nuna ko shi wane ne. Ƙarfinta nawa? Doki 170, kuma da aka sauya hanyar aunawa a shekara ta gaba sai ya koma 164. Yau Corolla mafi araha, wadda kamfanonin haya ke saye da yawa, tana da 169. Abin da ake yi wa kirari shekaru ashirin da suka wuce ya zama abin da ake ba kowa. Gaskiya ne ta yanzu ta fi nauyi, kuma ba ta da wancan ihun na XRS. Amma a ce ba ta da ƙarfi, wannan kam son zance ne. Iyayenmu sun yi Kano zuwa Legas a Peugeot 504 haɗin Kaduna, da mutum biyar da kaya har bisa rufi, da injin lita 2.0 da da ƙyar yake kusantar doki 100, kuma ba wanda ya ce musu ba su isa da wuri ba.

Batun turbo shi ne ya fi ɗaukar hankali, domin a nan abokan gasa suna da abin nunawa. A wancan lokacin manyan ajin Honda Civic na da lita 1.5 mai turbo da doki 180, Mazda3 na da mai kaiwa 250, Hyundai Elantra N na da 276. Kusa da waɗannan, Corolla kamar ta zo biki da kayan gida. To amma me turbo yake yi? Hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya wata 'yar fanka da gudun da ya wuce zagaye 100,000 a minti, ita kuma ta cusa iska da ƙarfi cikin silinda, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabara ce mai kyau. Kuɗinta shi ne zafi, da matsi a kan fistin da ringi, da buƙatar baƙin mai mai inganci a kan lokaci ba tare da wasa ba. Muddin mota na cikin garanti, a hannun mai ita na farko, wannan ba matsala ba ce. Sai ta shekara goma, ta yi kilomita 200,000, ta bi ta hannun mutum uku, sannan kowane ƙarin ƙarfe da aka ɗora wa inji yake zama ƙarin abin da zai iya lalacewa.

Honda kanta ta ɗanɗana. Injinta na lita 1.5 ya yi fama da zirarewar fetur cikin baƙin mai a Civic ta 2016 zuwa 2018 da CR-V, musamman a yankuna masu tsananin sanyi, har kamfanin ya gyara manhajar injin ya kuma tsawaita garanti. Sanyi ba damuwarmu ba ce, na sani. Abin lura dai shi ne da Honda ta zo yi wa Civic tata kwaskwarimar a samfurin 2025, sai ta cire turbon daga ajin talakawa, ta bar shi a ajin Si na masu son gudu, ta sa mai haɗa fetur da lantarki a gurbinsa, mai doki 200. Wato abin da aka zagi Toyota don ba ta saka ba, babbar kishiyarta ta sauke shi bayan shekara biyu.

Kuma kada a ɗauka rashin turbo na nufin injin tsohon yayi ne. Wannan lita 2.0, mai suna M20A-FKS, ya fi wanda ya gada wayo nesa ba kusa ba. Yana matse iska da fetur ninki 13 kafin fulogi ya kunna wuta, abin da a da sai injin tsere. Toyota ta ce yana mayar da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin fetur zuwa tafiya, alhali yawancin injinan fetur na baya ba sa kaiwa nan, sauran yana tafiya a zafi da hayaƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne nozul. Kowace silinda tana da biyu: ɗaya na fesa mai kai tsaye cikin silinda, ɗaya na fesawa a bakin hanyar iska kamar yadda aka saba. Injinan da ke da na kai tsaye kaɗai sukan tara baƙin dauɗa a bayan bawul, saboda babu fetur da ke bi ta wurin ya wanke shi, sai bayan shekaru mota ta fara rawa a tsaye. Nozul na biyun nan shi ke wankin. Wannan ba abin da mai gwajin mota na mako guda zai gani ba ne. Mai ita na shekara ta takwas ne zai ci moriyarsa, ba tare da ya ma san an yi masa ba.

Ga kuma mai. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, LE ta 2022 mai ƙaramin inji tana yin mil 33 da galan guda in an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, ta 2023 mai babban inji tana yin 35. A lissafinmu, daga kilomita 14 a lita zuwa kusan 15. An ƙara girman inji, an ƙara doki 30, shan mai ya ragu. In da wani bakanike ne ya ce min zai yi min haka, da na ce ya rantse. Titunanmu da cunkosonmu da na'urar sanyaya ciki da ba ma kashewa ba za su ba ka waɗannan lambobi ba, amma tazarar da ke tsakanin biyun za ta kasance nan.

Yanzu ga inda na fara sassautowa. Giyar CVT ba ta da haƙoran giya irin na otomatik da muka saba. Bel ne na ƙarfe tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa, shi ya sa in ka taka sai inji ya haye sama ya tsaya yana kuka ɗaya, motar kuma tana biyo shi a hankali. Wanda ya saba jin giya na shiga ɗaya bayan ɗaya ba zai so wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Toyota ta san da haka. Wadda aka haɗa da lita 2.0 tana da giya ta ɗaya ta haƙori ta gaske, ita ke ɗaga motar daga tsaye, sai ta ɗan ɗauki gudu sannan bel ya karɓa. Tashi daga tsaye shi ne aikin da ya fi wahalar da bel, don haka an sauke masa mafi nauyin kayan. Dabarar ta yi, tashin motar ya fi na tsohuwar CVT kuzari. Duk da haka ba ta zo duniya ba tare da tuntuɓe ba: a ƙarshen 2018 an janye Corolla mai guntun baya kimanin 3,400 a Amurka don a sauya musu giyar saboda wani lahani a cikinta. An gyara, an wuce wurin. Amma in ka tambaye ni wanne zai riga gajiya tsakanin injin da giyar, ba zan yi dogon tunani ba.

Giyar hannu kuwa, ni ma na ji zafin tafiyarta. Da ita na koyi mota, kuma har gobe ina ganin wanda bai taɓa riƙe mota a kan hawa da kuloci da totur ba akwai abin da ya rage masa. Ta fi sauƙin gyara, ta fi jure wulaƙanci, in batir ya mutu yara uku sun isa su tura ka. Sai dai a nan ne maitar mota take da wani hali da ba a cika faɗa ba. Masu kukan giyar hannu ba su ne masu shiga shago su sayi sabuwa ba. Jira suke wani ya saya, ta shekara biyar, farashi ya faɗi, sannan su zo. Kamfani kuwa ba ya ƙera mota don kasuwar gwanjo. A 'yan shekarun nan, sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka da giyar hannu ba su kai 2 cikin 100 ba. XRS ɗin ma da ake yi wa kirari, shekara biyu kacal ta yi a kasuwa da wancan injin aka daina ta. Da masu yabonta na yau sun saye ta a lokacin, da ba ta mutu da wuri haka ba. Ihu ne bayan hari.

Kuma ba a bar su hannu rabbana ba. A samfurin 2023 ɗin ne Toyota ta fito da GR Corolla: silinda uku, lita 1.6 mai turbo, doki 300, tayoyi huɗu duka na ja, giyar hannu shida. Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, wanda ya shugabance shi daga 2009 zuwa 2023, shi kansa mayen mota ne da ke shiga tsere da laƙabin Morizo, har aka yi wani aji na motar da wannan suna, aka cire masa kujerar baya don ya rage nauyi. Farashinta ya fara daga wajen dala 36,000, ita kuwa LE wajen dala 22,000. Ga abin da suke nema an ajiye musu a gefe da kuɗinsa. Abin da suke so a zahiri shi ne a ba su GR a farashin LE, kuma wannan ko a kasuwar Kurmi ba a yi.

Akwai ma abin da ya kamata su gode wa Allah a kai, wato har yanzu akwai ƙaramar salun da za a yi gardama a kanta. Dodge ta daina Dart a 2016, Ford ta janye Focus daga Amurka a 2018, Chevrolet ta rufe Cruze a 2019, duk sun koma kan jif da a-kori-kura inda riba take. Corolla na nan tana sayuwa sama da 200,000 a shekara a ƙasar, kuma ba don ta burge mayu ba.

To ina ruwan Bahaushe da gardamar da ake yi a Amurka kan motar da aka haɗa a jihar Misisipi? Ruwansa da tsaki. Motar da ake muhawara a kanta yau ita ce za ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas gobe. Hanyar sananniya ce: wani ya yi hayarta shekara uku ya mayar, ko ya ɗan yi karo kamfanin inshora ya ga gyaran bai biya ba ya tura ta gwanjo, dillali ya saya, a yi mata bodi da fenti, sai ga ta a layin 'yan mota an wanke ta tana ƙyalli. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, amma har yau sunan 'yar Kwatano bai bar bakinmu ba. Mai ita na farko ya yi kilomita 60,000 da ita a kan kwalta mai santsi. Sauran 300,000 ɗin mu ne za mu yi su, a zafin Afrilu na Sakkwato da Maiduguri da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da gargada, da man 'yan bumburutu. Mafi tsawon rayuwar injin nan a hannunmu zai yi ta. Shi ya sa nake cewa hukuncinsa ba a wurin masu auna daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya kai gudun 100 yake ba.

Kuma a nan ne tsorona yake. Ba injin nake tsoro ba, mu nake tsoro.

Ɗauki baƙin mai. An tsara wannan inji ne da mai tsinkakke irin 0W-16, wanda in ka zuba a tafin hannu za ka ce man gyaɗa ne aka ɗumama. Littafin motar ya yarda ka sa 0W-20 in ba ka samu ba. Mu kuwa gadon da muka tarar shi ne 20W-50, mai kauri kamar zuma, kuma hujjar ita ce ƙasarmu da zafi. Wannan hujja ta yi aiki a zamanin 504, lokacin da tazarar da ke tsakanin ƙarafan inji take da faɗi. Injin yanzu hanyoyin mansa sirara ne, famfon mansa yana ƙara ko rage turi gwargwadon buƙata, kuma da matsin man ake sarrafa wani ɓangare na buɗewar bawul. Ka zuba masa mai kauri, da safe kafin man ya kai saman inji ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Ba ranar zai buga ba. Shekara biyu zai yi yana cinyewa a hankali, ran da ya fara hayaƙi sai a taru a ce ai Corollar yanzu ba ta da ƙarko. Wannan kuma in man na gaske ne, ba jabun da aka ɗura a galan mai kyan tambari ba.

Na taɓa cin wannan tuwon da kaina, a kan wata motar daban da na riƙe shekarun baya. Ta ɗan fara zafi a cunkoso, na kai ta gareji. Kafin na dawo daga masallaci bakaniken ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya ajiye min a kan kujera, ya haɗa fanka kai tsaye. Na ce wannan fa? Ya ce, “Yallaɓai, ai na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ya mana amfani.” Na yarda, don ya faɗa da tabbaci. Zafi ya tafi, sai shan mai ya zo. Wata shida ina zargin gidajen mai da tauye lita, ashe injin ne ba ya kaiwa ɗumin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwar motar kuma tana ɗauka har yanzu safiya ce tana ta ƙara masa fetur. Ainihin ciwon ma lagireto ne ya toshe, wanki kawai yake so. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai, abin da maigidansa ya koya masa ke nan, ni kuma ban tambaya ba. To wancan tsohon inji ne mai haƙuri. Wannan sabon, famfon ruwansa ma ba da fanbel yake juyawa ba, na lantarki ne, ƙwaƙwalwar motar ke gaya masa yaushe zai yi sauri yaushe zai lafa. Ka yi tunanin irin ɓarnar da za a yi in aka zo masa da waccan dabara.

Haka giyar. CVT na da manta na musamman, kuma ba ta yafiya. Wanda ya zuba mata jan man otomatik na gama-gari don duk ja ne, bel zai fara zamewa, daga nan sai neman wata giyar a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo. Haka abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, wanda ake farkewa a sayar a ce wai yana shaƙe mota. Haka fetur: ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da mai daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta mutuwa a hanya, layi ya dawo gidajen mai. Inji mai nozul takwas da famfon fetur mai matsanancin turi ba zai sha irin wannan ya yi shiru ba.

Wani zai ce to ai ka kawo hujjar kanikawanmu da kanka: a tsaya kan Corolla ta 2003 zuwa 2008, tsohuwar zuma da ita ake magani. Na san darajar motar nan. Kayan gyaranta har a ƙauye, kowane yaron gareji ya san cikinta, ka sayar da ita ran da ka ga dama. Su ma kanikawanmu mayun mota ne irin nasu, sai dai su ba gudu suke yabo ba, sauƙin kwancewa suke yabo. Amma mafi ƙuruciyar waɗannan motoci ta haura shekara goma sha biyar, kuma ba a ƙera wasu. Sannan wannan waƙar mun taɓa jin ta. Da nozul ya zo, cewa aka yi ba zai yi a ƙasar nan ba, har ana cire shi ana mayar da mota kafireta. Da otomatik ta yawaita, cewa aka yi motar mata ce, in ta lalace sai a jefar. Da CVT ta shigo Corolla a samfurin 2014, an yi ta gudunta. Yau duk ga su nan a titi, kuma yaran da suka sayi kwamfutar duba mota suka koyi karanta ta su ne ke cin kasuwa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, ko ana so ko ba a so.

Abin da zai tilasta sauyin ma ba wa'azin irina ba ne, aljihu ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Tun daga nan tambayar farko da ake yi wa dillali ta sauya. Masu manyan injina shida sun fara ajiye su a gida suna hawa ƙananan. A irin wannan yanayi, motar da ke rage maka kusan lita biyu a kowace tafiyar Kano zuwa Abuja, kuma ta fi ƙarfin wuce tirela, ba abin rainawa ba ce. Ita kuwa mai haɗa fetur da lantarki, wadda a kwaskwarimar nan aka ƙara mata ƙarfi aka kuma ba ta zaɓin jan tayoyi huɗu, tana yin kusan kilomita 21 a lita, kuma a cikinta ne dangin tsohon lita 1.8 ɗin ya ci gaba da rayuwa. Mayun Amurka ba su cika kula ta ba. Ina kyautata zaton direban haya na Abuja zai kula ta, da zarar ya samu wanda ya iya duba batirinta.

Ni dai in Allah ya hore, kuma canjin dala ya bar mu, ta 2023 ɗin nake hari, LE, ba ruwana da fiffiken baya ko baƙin rim. Zan nemi a nuna min hotonta na wurin gwanjo kafin a yi mata fenti, in tabbatar ba ambaliya ce ta ci ta ba. Zan leƙa ƙarƙashi in ga ko indomin na nan. Ranar juyen farko kuma da galan ɗina zan je, in zauna a kan bencin gareji, ba zan tafi ko'ina ba sai an gama. Na san abin da zai faru. Bakanikena zai buɗe galan ɗin, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya dube ni ya ce, “Yallaɓai, wannan ai ruwa ne.” Ni kuma zan nuna masa murfin injin, inda aka rubuta lambar man, mu fara daga nan.